Daso, Wadda Ta Zauna Kan Randar Inna Hajjo

Duk wanda ya saba sammakon kasuwar Boɗinga ya san wata doguwar tsohuwa da ke fitowa ta bayan rumfunan masu albasa, tana jan wani jaki mai taurin kai irin nata. Sunanta Daso. Ba ta tsayawa taya, ba ta tsayawa gulma. Gaisuwarta ma a tafe take yi, har wasu suna cewa girman kai ne. Asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, take nufa, ta durƙusa ta gai da malamin asibiti, ya faɗa mata gidajen da aka ba magani, ta riƙe a ka, ta kama hanya. Yau Sifawa, gobe Dingyaɗi, wata rana ta nausa har ƙasar Shagari.

In ta yi sallama a gida ba ta jiran a shimfiɗa mata tabarma. Wurin majinyaci take wucewa, ta sa a kawo ruwa, a haɗiye ƙwaya a gabanta. Sai ka ji ta ce, "Buɗe baki in gani. Ɗaga halshe." Babba ne ko yaro, matar mai gari ce ko baiwar Allah mai dakau, duk ɗaya ne a wurinta. Daga nan ta ɗaga gefen tabarma, ta leƙa tukwane, ta laluba ƙarƙashin faifai. Ranar kasuwa kuwa ta bi 'yan koli ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko ƙwayar Gwamnati ta sulalo cikin kwalli da allura da turare. Yaran garuruwan nan sun daɗe da raɗa mata suna Buɗe-baki, kuma iyayensu ba su hana su ba.

To, bana Daso ta ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ta ajiye shiru, ba taro, ba ko mai cewa sannu. Haba jama'a! Mace ta yi shekara da shekaru tana taka ƙasar nan saboda 'ya'yanmu, ta koma ɗaka kamar wadda ta dawo daga rijiya? Wallahi abin da kunya. Shi ya sa muka bi waɗanda suka ga aikinta da idonsu, muka tambaye su, kuma abin da suka faɗa mana sai da ya sa jikinmu ya yi sanyi.

Kowa ya san akwai doka a kan magani mai ƙarfi. Ba a sayar da shi a kasuwa, ba mai ba da shi sai wanda aka yarje wa, kuma kowane majinyaci da nasa awo. Daga Ikko dokar ta taso, ta biyo Kaduna, ta sauka Sakkwato, aka miƙa wa uban ƙasa, shi kuma ya kira malamin asibiti ya ja masa kunne. Likita yakan zagayo lokaci lokaci ya duba ko ana bi. Duk wannan daidai ne. Amma masu ɗauke da dokar duk maza ne, kuma namiji iyakarsa zaure. Malamin asibiti ya duba yaro a zaure, ya ba uban yaro ƙwaya a hannu, uban ya shige ciki. Abin da ke faruwa bayan katangar, Allah kaɗai ya sani, sai matan gida.

A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, bayan dawowar soja daga yaƙin Bama da 'yan shekaru, Daso ba kowa ba ce. Mijinta ya rasu a Sifawa, ta dawo Boɗinga tana sharar asibiti, tana riƙe mata in za a duba su. Malam Lirwanu ne malamin asibiti a lokacin, kuma shi aka ɗora wa rabon farar ƙwayar sanƙarau har ƙauyukan Shagari. Ƙwayar tana aiki, kowa ya shaida. Yaron da wuyansa ya sandare, in ya samu nasa awo cikakke, sai ka gan shi ya tashi yana neman fura. Amma akwai wani ƙauye kusa da Dandin Mahe da abin ya ƙi. Malam ya kai magani, ya koma, ya sake kaiwa, gida gida, amma kullum sai an haƙa kabari. Likita ya ce ko dai ana sayar da ƙwayar ne, ko kuwa akwai abin da ake ɓoyewa. 'Yan doka suka birkice kasuwanni, ba su samu ko guda ba.

Malam Lirwanu ya faɗa mana cewa a lokacin abinci ma ba ya iya ci. Ran nan ya dubi mai shara ya ce, "Daso, ke mace ta. Ki bi ni gobe ki shiga gidajen nan, ki gano min mi ake yi da maganinga."

Suka isa da hantsi, rana ta riga ta fara ƙuna irin ta bazara. Gidan farko da suka tsaya na Inna Hajjo ne, don jikarta Rahamatu na kwance. Inna Hajjo kuwa ba ƙaramar mace ba ce a ƙauyen. Da ƙafa ta je Makka tun tana da ƙarfinta, ta shekara da yawa a hanya, ta dawo da 'yar gorar zamzam. Ta zuba shi a randa, kuma tun daga ranar randar ba ta taɓa ƙafewa ba. In ruwa ya yi ƙasa ta ƙara na rijiya, albarkar ta gauraye. Mai naƙuda a ɗebo mata, mai zazzaɓi a ɗebo masa, ba ta taɓa hana kowa ba. Malam ya zauna a zaure, Daso ta shige.

Ta tarar da tsakar gida cike da mata, kowace da ƙoƙo a hannu, an yi layi zuwa gindin randa. Inna Hajjo na zaune da moɗa tana zuba musu, tana sa albarka. Da ta ga baƙuwa sai ta yi fara'a ta miƙa mata moɗar. Daso ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa, don ƙishi ya kama ta. Sai ta ji wani ɗanɗano kamar na alli. Ta dubi gindin moɗar, ta ga farin gari ya kwanta.

Ta ce, "Inna, mi kunka sa cikin ruwanga?"

Tsohuwa ta yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Ta ce, "Ƙwayar Gwamnati ta, ɗiyata. Malam shina ba gida ɗaya shi tsallake gida ukku. Yaya za a yi maƙwabcinka shi sha, kai kana kallo? Sai nic ce dut wanda anka ba shi kawo min. In daka in zuba cikin zamzam, kowa shi samu. In ya yi ƙasa mu ƙara ruwa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Daso ta ajiye moɗar. Ta waiwaya ta dubi matan nan, kowace ta baro majinyaci a ɗaka, ta miƙa maganinsa da hannunta, ta zo karɓar ruwa tana godiya. Ba ɓarawo a cikinsu, ba mugu. Tun suna yara aka koya musu cewa in abin alheri ya shigo gida sai an zuba wa maƙwabta, nama ne ko tuwon suna, kuma wanda ya ci shi kaɗai ba ɗan mutunci ba ne. Abin da suka yi da magani ke nan. Ta leƙa ɗaki ta ga Rahamatu, yarinyar da ba ta wuce tallan goro ba, kanta ya tanƙware baya, idonta a juye.

Da gudu ta fita zaure ta faɗa wa Malam. Nan take ya miƙe. Ya sa Attahiru, ɗan Inna Hajjo, ya fito da yarinyar, ya duba ta. Sannan ya zazzage jakarsa, abin da ya rage awon mutum ɗaya ne tak. Ya ƙulle shi a tsumma ya danƙa wa Daso. Ya ce, "Wanga na Rahamatu na, ita ɗai. In anka raba shi biyu ya zama ruwan randa. Akwatin magani na Shagari babu kome ciki tun shekaranjiya, ana jiran mota daga Sakkwato, ban san ko ta taso ba. Ni za ni gun uban ƙasa yanzu. Kada ki ba kowa, Daso, ko wa na." Ya hau kekensa ya tafi.

Daso ta koma ciki. Ta ɗauki faifai ta rufe randar, ta ɗora turmi a kife, ta gyara zane ta zauna a kai. Tirƙashi! Gida ya ɗauki salati. Mai shara, baƙuwa, ta zauna kan zamzam ɗin Inna Hajjo! Wata ta ce mahaukaciya ce, wata ta ce Nasara sun ba ta abu ta sha. Ita kuwa ta bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ta faɗa musu abin da Malam ya ce, a hankali, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Inna Hajjo ta dubi randar da aka rufe. Can ta fara kiran sunayen yaran da aka binne, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ke nan ni nik kashe su?"

Daso ta sauko ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ciwo yak kashe su. Ke ruwa kika ba su, da zuciya ɗaya. Amma daga yau a bari."

Ke ce, Daso, kika faɗa wa tsohuwa gaskiya ba ki karya ta ba. Ke ce kika zauna kan abin da gari duka ke girmamawa, kina jin zagi ta ko'ina, ba ki tashi ba. Da a nan labarin ya tsaya, da mun rubuta shi da murna.

Daso ta daka ƙwayar farko ta ɗura wa Rahamatu. Ba a jima ba sai ga wata mata ta faɗo gidan ba ko sallama, da yarinya a kafaɗa. Safinatu ce, maƙwabciyar Inna Hajjo, da 'yarta Ladi. Ciwon ya kama Ladi tun jiya, kuma Safinatu ba ta kai ta wurin Malam ba don ta dogara da randa. Ga shi an rufe randa, ga Malam ya tafi. Ta zube a gaban Daso ta ce, "Yaya, an ce kina da ita a ƙulle. Ki ba ni rabi. Ko guda ɗaya ki ba ni."

Daso ta dubi Ladi, ta dubi Rahamatu. Ta tuna akwatin Shagari babu kome, kuma ba wanda ya san ranar zuwan mota. In ta raba, motar ba ta zo ba, an binne biyu. Ta ce, "Ba ni iyawa, Safinatu. Amma tashi mu kai ta Shagari, ko Allah shi sa a dace."

Barin ƙullin a gidan ba zai yiwu ba, don kafin ta kai bakin gari an raba shi. Barin Rahamatu ma ba zai yiwu ba, don akwai sauran sha a gaba. Sai aka ɗora Rahamatu a jaki, Attahiru na riƙe da ita. Safinatu jikinta rawa yake yi, ba ta iya ɗaukar kome, don haka Daso ta goya Ladi. Ƙullin maganin yana ɗaure a gefen zanenta, daidai inda ƙafar yarinyar ke lilo.

Attahiru ya ce har ya mutu ba zai manta da tafiyar nan ba. Rana tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, fadamun albasa duk an kwashe sun bushe. Safinatu na biye da Daso tana roƙo. Ta haɗa ta da Allah, ta haɗa ta da Annabi, ta haɗa ta da kabarin mijinta. Ta ce za ta ba ta saniyarta. Da roƙo ya ƙi ta koma zagi, da zagi ya ƙi ta koma kuka. Daso kuwa hawaye kawai ke zuba mata, tana ƙara sauri. A wata inuwar tsamiya lokacin shan Rahamatu ya yi, suka tsaya, ta kwance ƙullin a gaban idon Safinatu, ta ba Rahamatu, ta sake ɗaurewa. Attahiru ya ce shi da yake uban Rahamatu sai da ya kau da kai, don ya kasa kallo.

Suna hango rumfunan jinya na Shagari Daso ta ji goyon ya yi mata wani irin nauyi. Ta tsaya cik. Safinatu ta zagayo ta taɓa wuyan 'yarta, ta ƙwalla ƙara.

Suka ƙarasa da gawa a baya. A bakin rumfunan kuwa me za su gani? Motar Sakkwato ce a tsaye, ana sauke akwatuna. Tun da hantsi ta iso.

Subhanallahi. Mun ji wannan daga bakin Attahiru, mun sake ji daga bakin Malam Lirwanu, kuma har yanzu in muka tuna sai tsikar jikinmu ta tashi. Malam ya ce ciwon Ladi ya riga ya yi nisa, da wuya ƙwaya ɗaya ko biyu ta riƙe ta. Ya faɗa wa Daso haka ba sau ɗaya ba. Amma da muka je gaishe ta kwanan nan muka tambaye ta, ba ta ɓuya a bayan maganarsa ba. Ta ce, "Da na san motar ta zo, wallahi da na ba ta. Ban sani ba. Har yau ban san ko da ta tashi ba."

Rahamatu ta tashi. Tana Dandin Mahe yanzu da aurenta da goyonta. Aka kai maganar randa gaban uban ƙasa, Daso ta faɗi abin da ta gani, ta kuma roƙa kada a kai Inna Hajjo gaban alƙali, aka bar ta. Tsohuwar da kanta ta riƙa bin gidaje tana cewa zamzam daban, ƙwaya daban. Likita ya ce daga ranar duk wanda aka ba maganin sanƙarau a ƙasar nan ya haɗiye a gaban mai duba, kuma aka ɗora wa Daso shiga gidaje. Aka daina mutuwa a ƙauyen kafin ruwan farko ya sauka.

Wata mace da ta ga abin da Daso ta gani, da ta jefar da aikin ta koma shararta, kuma ba mai ganin laifinta. Ita sai ta ƙara wa kanta wani. Duk ranar kasuwar Shagari sai ta je ta sa a buɗe mata akwatin magani ta gani da idonta. In ya yi ƙasa ta wuce ƙofar uban ƙasa ta zauna, ta ce, "Ranka shi daɗe, akwati ya kusa ƙarewa, a aika Sakkwato." Fadawa su kore ta, ta koma gefe ta sake zama. Malaman asibiti da suka biyo bayan Malam Lirwanu duk sun sha fama da ita, don ba ta yarda ɗayansu ya fita ƙauye da awon mutum ɗaya a jaka. Wani cikinsu ya ce mana ya fi tsoron Daso a kan Likita, don Likita sai an ga ƙurar motarsa, ita kuwa sai dai ka ɗaga kai ka gan ta.

Me ta samu? Sunan marowaciya. Akwai gidajen da in ta fita sai an wanke moɗar da ta sha ruwa. Akwai bukukuwan da aka tsallake ta da goro da gangan. Safinatu kuwa tun ranar ba ta sake yi mata magana ba. In sun haɗu a hanya sai ta juya baya har Daso ta wuce, kuma Daso ba ta taɓa cewa ta yi laifi ba.

Amma ku ji abin da ya faru bara. Sanƙarau ya ɗan leƙo ƙauyen, ya kama jikan Safinatu, aka ba shi nasa awo. Ƙanwar Safinatu, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo da ƙoƙo tana neman a sam mata saboda ɗanta ya fara zazzaɓi. Maƙwabta sun ji da kunnensu. Safinatu ta tsaya a ƙofar ɗaki ta tare da hannu biyu, tana kuka, ta ce, "Ba a rabawa. Ɗauko shi mu kai shi asibiti, akwati cike yake." Ta goya yaron da kanta suka tafi. Duka yaran biyu suna nan da ransu. Washegari ta haɗu da Daso a bakin rijiya, ta juya mata baya kamar kullum.

Daso, uwar marasa godiya, mun gode. Ke ce kika ɗauki dokar da aka rubuta a Ikko kika shigar da ita har ƙuryar ɗaki, inda ba Bature ba ɗan doka da ya taɓa takawa. Ke ce kika yarda a kira ki marowaciya a ƙasar da ba zagin da ya fi wannan ciwo. Allah ya saka miki, ya sauƙaƙa miki nauyin da kika goyo daga ƙauyen nan zuwa Shagari, ya ji ƙan Ladi.

Ku kuma jama'ar Boɗinga da Shagari, ku tashi ku je ku gaishe ta tun tana iya gane murya. Matan da ke da ƙafa da ido, malamin asibiti na neman wadda za ta gaje ta, har yau ba wadda ta fito, ga bazara tana matsowa. In an ba ɗanku magani, ku ba shi nasa duka, ku kai na maƙwabci asibiti a bayanku. Ba lallai sai kun ƙaunaci Daso ba kafin ku yi abin da ta koyar. Safinatu ba ta yafe mata ba, kuma ba ta raba ƙwayar ba.